Yadda ake tsayar da jini da jinyar rauni a wasan Project Zomboid

Mutumina na farko da ya daɗe a wannan wasa, wato wanda nake sarrafawa a allo, kwana 19 ya yi a garin Muldraugh, kuma ba zombi ne ya kashe shi ba, taga ce. Na fasa gilashinta da guduma, na tsallaka ciki ban kwashe ragowar da ke jikin katako ba, sai damtsensa ya tsage. A jakarsa akwai gwangwanayen abinci, da gatari, da tocila, har da littafin koyon kafinta, amma babu ƙyalle ko ɗaya. Na yi ta shiga gida-gida ina neman bandeji irin na asibiti, jini na zuba, alhali rigar da ke jikinsa ta isa ta cece shi. Ƙanena yana zaune kusa da ni a kan tabarma, a zaurenmu na unguwar Birni, ya ce, "Yaya, ka yaga rigar mana." Kafin in gano inda ake dannawa, mutumin ya faɗi a ɗakin girkin wani gida. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a wannan wasa wanda ya mutu ya mutu ke nan, duk abin da ya koya ya tafi da shi.

Project Zomboid wasa ne na kamfanin The Indie Stone. Labarinsa a jihar Kentucky ta Amurka yake faruwa, cikin watan Yuli na 1993, bayan wata cuta ta mayar da mutane zombi, wato gawarwaki masu yawo suna cizo. Mu nan Damagaram abin da ya sa ya karɓu a fadarmu shi ne, da zarar an sauke shi a kwamfuta, mutum zai iya buga shi shi kaɗai ba tare da intanet ba. Bayanin da zan yi na siga ta 41 ne, wadda aka kammala fitarwa a Disamba 2021. Siga ta 42 da aka fara gwajinta a Disamba 2024 ta sauya abubuwa da dama, musamman wajen ƙere-ƙere. Wasu cikinmu da Faransanci suke buga wasan, wasu da Turanci, saboda haka zan kira kowane abu da Hausa in kwatanta inda yake, kowa ya gane shi a allonsa.

Mataki na farko: tanadin tsumma

Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti na farko da ka farka a gidan da wasa ya ajiye ka, tun kafin ka nemi makami, buɗe durowar kaya ka ɗauko riga, ko safa, ko zanen gado. Danna maɓallin dama na linzami a kanta, ka zaɓi yagawa. Kayan auduga da hannu ake yaga su, wandon jin da rigar fata ne kawai suke buƙatar almakashi. Labule ma idan ka cire shi daga taga zane yake zama, ya yagu kamar sauran. Ka lura dai, riga mai datti ko mai jini tsumma mai datti take bayarwa.

Ni guda biyar zuwa takwas nake riƙewa, ba su da nauyi. Abin da mutane suke kuskurewa shi ne wurin ajiya. Kada ka jefa su can ƙasan jakar goyo, domin ciro abu daga jaka yana ɗaukar lokaci, kuma wannan lokacin jini ne. Ka bar su a ainihin jikin mutuminka. Daga nan duk gidan da ka shiga ka fara da banɗaki, a ƙaramin kabad ɗin magani ake samun bandeji, filasta, auduga, hantsaki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da maganin rage zafi. Allura da zare kuwa, ko a ina ka gan su, ɗauka.

Mataki na biyu: rabu da su tukuna

Ga shi an ji maka ciwo. Alamar jini ta fito a gefen dama na allo, inda alamomin yunwa da ƙishirwa da tsoro suke fitowa. Zuciya za ta ce maka ka tsaya nan take ka ɗaure. Kada ka tsaya. Wanda ya tsaya ɗaure yakushi a gaban zombi uku, cizo zai ƙara a kai. Ture na kusa da kai, ka juya ka tafi. A tsarin wasa na yau da kullum, tafiyar ƙafa kawai ta isa ka ba su rata, matuƙar ba a ƙafa ka ji rauni ba. Sha kwana a bayan gida, ko ka shiga ta ƙofar gaba ka rufe ka fita ta baya, su daina ganinka.

Ga wani abu da na daɗe ban sani ba: idan raunin daga ƙugu ne zuwa sama, za ka iya ɗaure shi kana tafiya a hankali. Gudu ne yake katse aikin. Raunin cinya, ƙwauri ko tafin ƙafa ne sai ka tsaya cik. Kada kuma tsoro ya sa ka ruga cikin itatuwa ko ka tsallake shinge a guje, domin rassa suna karce mutum, faɗuwa kuma tana ƙara wani raunin a kan na farko.

Mataki na uku: karanta raunin

Danna harafin H, ko hoton zuciya da ke gefen hagu. Allon lafiya zai buɗe da hoton jikin mutum, kowace gaɓa da abin da ya same ta. Idan kai kaɗai kake wasa, dakatar da lokaci da maɓallan da ke kusa da agogo, ka karanta a natse. Ba za ka iya ɗauri lokaci yana tsaye ba, amma za ka iya tunani, kuma tunanin ne ya fi tsada a wannan gaɓa.

Raunukan da suke zubar da jini iri huɗu ne. Akwai yakushi ko karcewa, shi ne mafi sauƙi. Akwai yanka, ya fi jini kuma ya fi daɗewa. Akwai rauni mai zurfi, wanda galibi gilashi ko haɗarin mota ke jawowa, wani lokaci da ɓarɓashin gilashi a ciki. Sai kuma cizo. Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, me ya ji mini ciwon? Idan taga ce, ko reshe, ko mota, babu ruwanka da cutar zombi, komai munin raunin. Idan zombi ne, lissafin wasa a tsarinsa na asali shi ne: yakushi kashi 7 cikin 100 na yiwuwar kamuwa, yanka kashi 25 cikin 100, cizo kuwa 100 bisa 100. Babu alkol ko ƙwaya da ke sauya wannan lissafi, tun lokacin da aka taɓa ka aka gama yanke shi.

Mataki na huɗu: ɗaure da duk abin da ke hannu

Nan ne zuciyar maganar. Danna kan raunin a allon lafiya, ka zaɓi ɗaurewa, ka zaɓi abin da za ka ɗaure da shi. Da zarar ƙyalle ya hau, zubar jini ta daina cin lafiyarka. Idan raunuka sun fi ɗaya, wuya ne farko, ba shawara. Raunin wuya yana zubar da jini da saurin da sauran ba sa yi, na ga mutum mai cikakkiyar lafiya ya faɗi kafin ya kai ƙarshen layi. Shi kaɗai ne raunin da ba na jira in sami mafaka, taku kaɗan nake bayarwa in ɗaure ina tafiya. Bayan wuya sai rauni mai zurfi, sai cizo da yanka, yakushi a ƙarshe.

To idan tsumman da ke hannunka mai datti ne fa? Ɗaura shi. Mun sha gardama a kan wannan a fada, muna shan shayi. Wani abokina ya dage cewa tsumma mai datti kashe mutum yake yi, ya gwammace ya ruga gida ya ɗauko mai tsabta. Sau biyu mutuminsa yana mutuwa a hanya kafin ya yarda. Abin da datti ke jawowa shi ne raunin ya ɗauki ƙwayar cuta ta yau da kullum, ita kuwa a wannan wasa zafi take ƙarawa, ba ta kisa. Jini ne ke kisa. Da babu gara ba daɗi. Idan ma babu komai, cire safarka ko rigarka ka yaga, ko ka yago daga jikin zombin da ka kayar. Ba a tsayawa goge rauni da alkol a tsakiyar titi, wannan aikin gida ne.

Mataki na biyar: a gida, kwance ka gyara

Ka iso mafaka, ka rufe ƙofa, ka ja labule. Yanzu ne za a yi aikin tsanaki. Kafin ka kwance ɗaurin farko, tattaro duk kayan da za ka buƙata su kasance a jikinka, domin da ka kwance, jini zai ci gaba da zuba.

Idan yakushi ne ko yanka, aikin gajere ne: kwance, goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko audugar da aka jiƙa da alkol, ko 'yar takardar gogewa mai alkol, sannan ka ɗaura bandeji mai tsabta. Kwalbar wiski da ake samu a gidajen Kentucky ma wannan aikin take yi, ni a akwatin magani nake ajiye ta, ba ta da wani amfani a wurina bayan wanke rauni.

Rauni mai zurfi ne yake son bayani. Idan allon lafiya ya nuna akwai gilashi a ciki, ba za ka iya ɗinke shi ba sai ka cire. Hantsaki ne kayan aikin, ko ƙarfen riƙe allurar ɗinki na likitoci. Ana iya cirewa da yatsu, sai dai zafin ya fi yawa. Bayan ka cire, ka goge, sai ɗinki. Allurar ɗinkin rauni ta asibiti ita kaɗai ta wadatar, idan babu ita, allurar tela da zare za su yi. Daga nan ka ɗaura bandeji a kan ɗinkin. Wanda bai sami allura ba ya ci gaba da ɗaurewa, raunin zai warke, amma zai ɗauki kwanaki masu yawa yana cinye tsummoki. A Muldraugh akwai ƙaramin asibitin Cortman, a nan na fi samun allurar ɗinki. Motar asibiti ma idan ka gan ta a kan hanya, buɗe bayanta. Harsashi kuwa, ga masu wasa da mutane ta intanet, shi ma da hantsaki ake ciro shi.

A nan zan dakata in faɗi abin da ke raina, don yara ƙanana suna kallonmu muna wasa. Wannan dokar wasa ce kurum. A zahiri, idan kabu-kabu ta kayar da mutum a hanyar kasuwar Dole gilashi ko ƙarfe ya shige jikinsa, ba a zare shi. Zarewa tana iya buɗe jijiya jini ya ɓalle. Ana danna gefe da gefen wurin da ƙyalle mai tsabta, a garzaya da shi asibiti. Idan babu abin da ya maƙale, a danna kan raunin da ƙarfi kada a ɗaga. Ɗinki aikin ma'aikatan lafiya ne. Na faɗa wa ƙanena wannan tun ranar da na gan shi yana murna ya iya "ɗinki".

Kada ka yi gaggawar warware ɗinki. Idan ka cire zaren kafin lokaci, raunin zai sake buɗewa, ka koma farko. Ni barinsa nake yi kwanaki, ina canza bandejin da ke kai kawai.

Mataki na shida: sauya ɗauri da maganar ruwa

Bandeji yana yin datti, kuma raunin da ke jini sosai ya fi saurin ɓata shi. Ka riƙa leƙa allon lafiya safe da yamma, da kuma kafin barci. Da ka ga ya nuna datti, kwance ka sa sabo. Tsohon kada ka yar: je bakin famfo ka wanke shi, ya koma mai amfani. Idan kana son wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, cika tukunya da ruwa, ɗora a murhu har ya yi zafi, sannan ka tsoma tsummokin, zaɓin zai fito idan ka danna dama a kansu. Alkol ma yana yi, amma asara ce a ƙarar da shi a kan tsumma alhali ruwan zafi na nan.

A tsarin wasa na asali, ruwan famfo da wutar lantarki suna ɗaukewa wata rana cikin watan farko, ba sanarwa. Ɗan Damagaram ba sai an koya masa wannan darasi ba. Mu da muka tashi muna ganin jarkoki a jere a bakin famfo tun asuba, mun san ranar da ruwa ya zo ita ce ranar cika randa. Haka za ka yi a wasa: tun famfo na zuba, cika tukwane, bokitai da kwalabe, ka dafa tsummoki ashirin ko talatin ka jibge a kabad ɗaya kusa da ƙofa. Ni ma har yanzu kabad ɗin da ya fi kusa da ƙofar shiga shi ne na magani a duk gidan da na zauna, domin wanda ya dawo yana jini ba ya iya hawa bene yana bincike.

Sauran jinya ci da hutu ne. Mutumin da ya ƙoshi sosai ya fi saurin farfaɗowa. Idan zafi ya hana shi barci, ba shi maganin rage zafi. Raunin hannu yana rage saurin sara, na ƙafa yana sa ɗingishi, saboda haka kwanakin nan na zaman gida ne, a karanta littattafan koyon sana'a, a gyara tufafi.

Mataki na bakwai: kalmar da ke tsorata sababbi

Wata rana za ka kwance ɗauri ka ga allon lafiya ya rubuta cewa raunin ya kamu da cuta. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna, har na san wanda ya goge wasansa gaba ɗaya a kan wannan kalma. Ba cutar zombi ba ce. Cutar zombi ba ta taɓa bayyana a rubuce a allon lafiya. Wannan da ka gani ƙwayar cuta ce ta rauni: goge da alkol, ɗaura dafaffen bandeji, ka maimaita, za ta tafi. Ƙwayar antibiyotik tana taimakawa. Wanda mutuminsa ya san ganyayyaki, ko ya karanta mujallar masu maganin gargajiya da ke cikin wasan, zai iya daka tafarnuwar daji a ɗan turmi ya shafa.

Cutar zombi ta alamomin gefen dama ake gane ta. Fargaba ba dalili, sai tashin zuciya, sai ya tsananta ya zama zazzaɓi, lafiya tana raguwa ko da babu jini. Tsakanin kwana biyu zuwa uku take kashewa. Ko a nan ma kada ka yi saurin hukunci, domin ruɓaɓɓen abinci, ruwan da ba a tafasa ba, da zama kusa da tarin gawarwaki duk suna kawo tashin zuciya. Idan yakushi ne ko yanka, ka yi jinya kamar za ka rayu, don galibi rayuwar za ka yi. Kwana uku suka wuce ba zazzaɓi, ka tsira.

Idan ku biyu ne

Ni da ƙanena a kwamfuta ɗaya muke bugawa, allo a rabe, shi da manet, wato na'urar wasa ta hannu, ni da madannai. Idan ɗaya ya ji ciwo, ɗayan ya matso ya danna dama a kansa ya zaɓi duba lafiya, mai raunin kuma ya tsaya wuri ɗaya har a gama. Wanda ya zaɓi sana'ar likita yana farawa da maki 3 na taimakon gaggawa, nas kuma da 2, ɗaurinsu ya fi daɗewa kuma hannunsu ya fi sauri. Wajen zaɓen halaye, ku guji ba mai jinyar ku halin tsoron jini, domin mai wannan hali ba ya iya yi wa wani magani, shi kansa ma a firgice yake yi.

Rage yawan raunin kuma aikin tela ne. Da almakashi ka yanka rigar fata ko wandon jin gunduwa-gunduwa, ka sa allura da zare ka yi wa hannun riga da wuyan wando faci. Facin fata ya fi na jin kariya, na jin ya fi na auduga. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dukawan Zinder ya ga yadda fata ke gardama da wuƙa zai yarda da wannan lissafi. Sa safar hannu ta fata, kada ka taka fasasshen gilashi ba takalmi. Taga kuwa, fara gwada buɗe ta. Idan dole sai an fasa, fasa da makami, ka danna dama ka zaɓi kwashe ragowar gilashin makamin yana hannunka, sannan ka tsallaka.

Saura cizo. Shi ma ɗaure shi za ka yi, domin kwana biyun da suka rage suna da amfani. Koma gida, sauke jaka, ajiye gatari da makullin mota da allura a kabad ɗin bakin ƙofa. Idan da ƙarfi, ɗebo ruwa ka cika tukwane, ka dafa tsummokin da suka rage. Mutumin da za ka fara da shi gaba a wannan duniyar zai farka, kuma gidan zai same shi yadda ka bar shi. Da zazzaɓi ya yi nauyi, ƙanena yakan fitar da nasa daga gidan, ya kai shi wani ɗaki a maƙwabta ya rufe ƙofa, don kada sabon mutumin ya shigo neman bandeji ya tarar da tsohon tsaye a bayan ƙofa.